Bayan Digirin Dakta, Saura Me?

A wurin yawancin jama'a, ranar da ɗalibi ya sa doguwar riga aka miƙa masa digirin dakta, ya zo ƙarshen karatun zamani ke nan, sai ya nemi kujera ya zauna ya ci gajiyar wahalarsa. A wasu fannoni haka abin yake. Amma a fannin kimiyyar halittu masu rai, watau ilmin da ke bin diddigin yadda jikin mutum da dabba da tsiro da ƙwayoyin cuta suke aiki, digirin dakta izinin shiga zaure ne kawai. A cikin gidan akwai wani zango wanda ba a ba da digiri a ƙarshensa, ba a kuma faɗa wa mutum ranar fita. Turawa suna kiran mai zama a wannan zango fosdok, ma'ana mai bincike bayan digirin dakta. Mutane ƙalilan ne suka san da su, alhali kuwa da hannunsu aka yi wani babban kaso na aikin da ya haifi magunguna da alluran rigakafin da ake amfani da su a yau.

Fosdok ya gama karatu, saboda haka ba a lissafa shi cikin ɗalibai. Ba shi da kujera tasa ta kansa, saboda haka ba a lissafa shi cikin cikakkun malaman jami'a. Akan ɗauke shi bisa yarjejeniyar shekara biyu ko uku a ɗakin binciken wani babban farfesa, ana biyansa daga kuɗin da farfesan ya samo domin wani takamaiman bincike, ranar da kuɗin ya ƙare aiki ya ƙare. Shi ke wuni da kwalabe da madubin ƙara girman abu. Shi ke kiwon ɓeraye da ƙudaje da ƙwayoyin halittar da ake gwaji a kansu, waɗanda ba ruwansu da Asabar ko Lahadi. Shi ke koya wa ɗalibai riƙon kayan aiki, shi ke rubuta abin da aka gano. Farfesa kuwa yawancin lokacinsa yana tafiya ne wajen rubuta takardun neman kuɗi da halartar taro. Shi ya sa in an buga sakamako a mujallar kimiyya, al'adar ita ce a sa sunan wanda ya yi aikin da hannunsa a farko, a sa na mai ɗakin a ƙarshe. Wannan suna na farko shi ne duk jarin fosdok, da shi zai nemi aiki gobe.

ASALIN AL'ADAR

Tushen abin mai kyau ne, kuma ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san sana'a. Yaron maƙeri yakan fara da zugazugi, ya kai ga riƙon awartaki da masaba, amma ko bayan ya iya ƙira, mai hankali yakan tafi wata maƙerar ya zauna shekara ɗaya ko biyu, ya ga irin dukan wani gwani dabam, kafin ya kafa uwar maƙera tasa. Haka masana kimiyya suka tsara. A shekarar 1919 Majalisar Bincike ta Ƙasar Amurka, da kuɗin Gidauniyar Rockefeller, ta fara bai wa matasa masu sabon digirin dakta tallafi don su yi bincike zalla na ɗan lokaci, ba tare da nauyin koyarwa ba. Nufin shi ne saurayi ya koyi sabuwar dabara, ya gwada tsayawa da ƙafarsa a ƙarƙashin idon babba, sa'an nan ya wuce.

Wannan tsari ya haifi abin mamaki. James Watson fosdok ne mai shekara 25 da haihuwa lokacin da shi da Francis Crick suka bayyana siffar DNA, watau zaren da ke ɗauke da gadon halitta, a Jami'ar Kambirij ta Ingila cikin shekarar 1953, bisa taimakon hotunan da Rosalind Franklin da abokan aikinta suka ɗauka a London. A wannan gari na Kambirij ne kuma, cikin 1975, wani fosdok Bajamushe mai suna Georges Köhler da maigidansa César Milstein suka gano yadda za a sa ƙwayoyin halitta su yi ta haifar garkuwar jiki iri ɗaya tak wadda ke gane abu ɗaya tak. Ɗan tsinken nan da ake ɗiga wa jini a asibiti don a san ko mutum yana da zazzaɓin cizon sauro, da wanda mata ke gwajin ciki da shi, duk da irin wannan garkuwa suke aiki. Köhler ya yi sa'a, domin an haɗa shi da maigidansa a kyautar Nobel ta 1984.

Akwai kuma wata silsila da ta isa a yi nazari a kanta. Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu, ya zaɓi wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita ɗaya, wadda jikinta duka ƙwayoyin halitta 959 ne, ya ce da ita za a gane yadda halitta ke girma. Matasa suka yi ta zuwa ɗakinsa a Kambirij zaman fosdok. Robert Horvitz ya zo, daga baya ya sami kyautar Nobel tare da Brenner a 2002. Andrew Fire ya zo, ya samu a 2006. Martin Chalfie ya zo, ya samu a 2008. Shi Horvitz da ya koma Amurka ya buɗe nasa ɗakin, sai Victor Ambros da Gary Ruvkun suka yi zaman fosdok a wurinsa, su ma suka samu a 2024. Ilmin da ke hannu, irin wanda littafi ba ya iya ɗauka, ta haka yake bi daga gwani zuwa gwani.

INDA LISSAFI YA KARYE

To, ina gizo yake saƙa? A wajen lissafi ne. Farfesa guda yana iya yaye masu digirin dakta goma ko fiye a tsawon aikinsa, amma ranar da ya yi ritaya kujera ɗaya zai bari. Muddin ana buɗe sababbin jami'o'i kuma kuɗin bincike yana ƙaruwa, ba a ganin giɓin. Da zarar ƙaruwa ta tsaya, sai a tarar da mutum goma suna jiran kujera ɗaya. Haka ta faru a Amurka. Tsakanin 1998 da 2003 an ninka kasafin kuɗin Hukumar Cibiyoyin Binciken Lafiya ta ƙasar, wadda aka fi sani da NIH, daga dala miliyan dubu 13 da ɗoriya zuwa miliyan dubu 27. Jami'o'i suka gina ɗakunan bincike, suka ɗebi ɗalibai da 'yan fosdok. Bayan nan kasafin ya daina hawa, tsadar kaya ta yi ta cin ƙarfinsa, mutanen da aka ɗiba kuwa suna nan.

Sakamakon haka zangon shekara biyu ya zama na shekara biyar ko shida, wasu su gama ɗaya su shiga na biyu, har na uku. A shekarar 1980 masu digirin dakta sukan sami babban tallafin bincike na farko daga NIH suna da wajen shekara 36 da haihuwa. Bayan shekaru talatin, sai mutum ya kai 42. Cikin 2014 wasu manyan masana huɗu, Bruce Alberts da Marc Kirschner da Shirley Tilghman da Harold Varmus, suka rubuta gargaɗi cewa tsarin yana haifar masu bincike fiye da yadda zai iya ɗauka, kuma gasar ta yi tsanani har ta fara ɓata kimiyyar kanta. Dalili kuwa a fili yake: wanda yarjejeniyarsa za ta ƙare baɗi ba zai taɓa tambaya mai wuyar da za ta ci shekara bakwai ba, sai ya nemi mai sauƙi wadda za ta ba shi takarda da wuri.

Ga kuma batun albashi. A 2023 abin da NIH ta ƙayyade wa fosdok na shekarar farko dala 56,484 ne a shekara. Mai karatu in ya juya wannan zuwa naira zai ga kamar dukiya ce, amma a biranen da manyan jami'o'in suke, irin su Boston da San Francisco, kuɗin haya da na rainon yaro kaɗai suna iya lashe mafi yawansa. A watan Disamba na shekarar wani kwamitin da hukumar ta kafa ya ba da shawara a mai da shi dala 70,000, a kuma daina riƙe mutum a wannan matsayi fiye da shekara biyar. A 2024 aka ɗaga shi zuwa 61,008. Tun kafin nan, cikin 2017, wasu masana tattalin arziki biyu, Shulamit Kahn da Donna Ginther, sun bi sawun masu digirin dakta a fannin, suka tarar waɗanda suka yi zaman fosdok sun yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da za su samu a shekaru 15 na farko, in aka kwatanta da takwarorinsu da suka kama aiki kai tsaye.

Fiye da rabin 'yan fosdok na Amurka baƙi ne masu takardar izinin zama ta ɗan lokaci, wadda ke ɗaure da aikin. Wanda zamansa a ƙasa yake hannun maigidansa, da wuya ya ɗaga murya ko da an cuce shi. Duk da haka tura takan kai bango. Ran 14 ga Nuwamba 2022 ma'aikatan bincike da koyarwa wajen 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, har da 'yan fosdok, suka shiga yajin aiki, ba a gama sasantawa da su duka ba sai daf da ƙarshen Disamba. A Jamus kuwa wata doka ta 2007 ta ba mutum shekara shida kacal bayan digirin dakta a kan aikin wucin gadi a jami'a, in bai sami na dindindin ba sai ya kama gabansa, abin da ya sa matasan masana suka yi ta kuka da ita a 2021.

LABARIN MUTUM BIYU

Labarin Douglas Prasher ya nuna yadda wannan hanya take da santsi. Akwai wata halittar teku mai laushin jiki da siffar laima, wadda ke da wani furotin mai ba da koren haske. Prasher, yana aiki a cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka, shi ne ya ciro ƙwayar gadon da ke yin wannan furotin, ya buga sakamakon a 1992. Ya kuma hango amfaninta: in aka liƙa ta a jikin wata ƙwayar gado, za ta zama kamar fitila, a riƙa ganin inda abu yake tafiya a cikin halitta mai rai. Amma kuɗin bincikensa ya ƙare, bai sami wani ba. Sai ya aika da ƙwayar gadon kyauta ga mutum biyu da suka roƙa, Martin Chalfie da Roger Tsien. A 2008 aka ba su kyautar Nobel tare da Osamu Shimomura, wanda ya fara gano furotin ɗin. Dokar kyautar ba ta yarda a wuce mutum uku ba. A ranar da aka yi shela, Prasher yana tuƙa motar ɗaukar abokan ciniki ta wani kamfanin sayar da motoci a garin Huntsville na Jihar Alabama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai a yaba wa Chalfie da Tsien: sun faɗi haƙƙinsa a bainar jama'a, sun biya masa kuɗin zuwa bikin a Suwidin, daga baya kuma Tsien ya ɗauke shi aiki a ɗakinsa.

Ta biyun ita ce Katalin Karikó, 'yar wani mahauci a ƙasar Hungari. Ta sami digirin dakta a Jami'ar Szeged a 1982, ta yi zaman fosdok a garin har kuɗin ɗakinsu ya yanke a 1985. Ita da mijinta suka sayar da motarsu, suka ɗinke wajen fam 900 a cikin 'yar tsanar 'yarsu mai shekara biyu, domin gwamnatin lokacin ta hana fita da kuɗi mai yawa, suka tafi Filadelfiya inda ta sake wani zaman fosdok. A 1989 ta shiga Jami'ar Pennsylvania a ƙaramin matsayi. Abin da ta sa a gaba shi ne wani saƙo da ake kira mRNA, wanda ke ɗaukar umarni daga DNA zuwa inda jiki ke ƙera furotin. Ta yi imani in an rubuta saƙon da hannu aka sa a jiki, jiki zai ƙera maganin kansa. Masu ba da kuɗi suka yi ta mayar mata da takardunta, har a 1995 jami'ar ta rage mata matsayi.

Matsalar aikin ita ce jiki yana ɗaukar saƙon da aka ƙera a matsayin maƙiyi, ya tashi da kumburi. Ita da wani likita, Drew Weissman, suka gano cewa in aka sauya ɗaya daga cikin haruffa huɗu da ake rubuta saƙon da su da wani ɗan'uwansa mai kama da shi, jiki yakan bar shi ya wuce. Suka buga wannan a 2005, mutane kaɗan ne suka kula. A 2013 ta bar jami'a ta koma kamfanin BioNTech na Jamus. Da annobar korona ta ɓarke, alluran rigakafin BioNTech da Pfizer da na Moderna, waɗanda aka fara yi wa jama'a a ƙarshen 2020, a kan wannan dabara aka gina su. A 2023 aka ba ta kyautar Nobel tare da Weissman.

Akan ba da labarinta a rufe da cewa mahaƙurci mawadaci. Gaskiya ne ta yi haƙuri, amma Prasher ma ya yi, kuma ba don annoba ta zo ba da wataƙila sunanta bai wuce ɗakin bincike ba. Abin da labaran biyu suka nuna shi ne, tsarin da ke auna mutum da yawan kuɗin da ya jawo ya kusa zubar da biyu daga cikin manyan abubuwan da aka gano a wannan zamani. A lura kuma da inda aikin Karikó ya nuna: a kamfani, watau hanyar da manyan jami'a suka daɗe suna yi wa kallon mafakar wanda ya kasa. Yau mafi yawan masu digirin dakta a wannan fanni ba a kujerar farfesa suke ƙarewa ba. Suna kamfanonin magunguna, suna hukumomin da ke tantance magani da abinci, suna tace rubutun mujallun kimiyya, suna ofisoshin rajistar ƙirƙira, suna koyarwa. Babu abin kunya a cikin ko ɗaya.

HALIN DA NIJERIYA TAKE CIKI

A ƙasar nan ciwon ya sha bamban. Can zangon ya yi tsawo, nan kusan babu shi. Wanda ya sami digirin dakta a jami'o'in Nijeriya yawanci malami ne tun kafin ya gama, washegari sai ya koma aji mai ɗaruruwan ɗalibai, da tarin takardun jarrabawa da tarurrukan kwamiti. Shekarun da ƙwaƙwalwarsa ta fi kaifi a nan suke tafiya. In ya ce zai yi bincike, sinadarai daga waje ake sayo su da kuɗin waje, firjin ajiyar samfur yana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa, ga yajin aiki irin na 2022 wanda ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. Tun a 1980, a taron da suka yi a Ikko, shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashe kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasashensu a kan kimiyya da bincike. Yawancinsu, har da mai masaukin taron, ba su cika ba. Don haka saurayi mai son bincike sai ya fita waje, kuma da yawa ba su dawo ba.

Amma waɗanda suka dawo suka tarar da wurin aiki sun nuna abin da zangon ke iya haifarwa. Christian Happi, haifaffen Kamaru, ya sami digirin dakta a Jami'ar Badun a shekarar 2000, ya tafi Jami'ar Harvard zaman fosdok a kan zazzaɓin cizon sauro, ya ci gaba da bincike a can wajen shekara goma. Ya dawo ya kafa cibiyar nazarin ƙwayoyin gadon cututtuka a Jami'ar Redeemer's da ke Jihar Osun. Ɗakinsa yana cikin waɗanda suka tabbatar da cutar Ebola lokacin da ta shigo Ikko a watan Yuli 2014, kuma a watan Maris 2020 shi da abokan aikinsa ne suka fara karanta zaren gadon ƙwayar korona a duk nahiyar Afirka. Haka kuma Mahmoud Bukar Maina, ɗan Jihar Yobe, wanda ya yi digirin dakta da bincike a kan cutar mantuwa a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya jagoranci buɗe cibiyar bincike da horarwa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021.

Saboda haka wajibi ne hukumomin da ke riƙe da kuɗin ilmi mai zurfi, musamman Asusun TETFund, da cibiyoyi irin su ta binciken lafiya da ke Yaba, da ta dabbobi da ke Vom, da ta aikin gona da ke Samaru, su ɗauki darasi daga kuskuren waɗanda suka riga su. A buɗe guraben fosdok a cikin gida da albashin da zai riƙe iyali, a ɗauke wa mai gurbin nauyin koyarwa, a ƙayyade masa shekara biyu zuwa uku, a kuma san tun farko inda zai sa ƙafa in ya gama. Tura mutum waje ya koyo aiki ya dawo ya tarar da ɗaki babu wuta babu sinadari, asarar kuɗi ce da asarar mutum.

Shi kuwa saurayi ko budurwar da ke shirin shiga wannan zango, a gida ne ko a waje, akwai tambayoyin da ya kamata a yi kafin a sa hannu a takarda. Ina waɗanda suka zauna a ɗakin wannan farfesa a baya suka ƙare? Kuɗin binciken na shekara nawa ne? Sunan wa za a sa a farko? In lokacin tafiya ya yi, za a bar mutum ya tafi da wani yanki na aikin ya gina nasa ɗakin a kai? Maigidan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Sa'an nan mutum ya ɗibar wa kansa wa'adi tun ranar shiga, in wa'adin ya cika kujera ba ta samu ba, ya ɗauki abin da ya koya ya kai inda ake bukatarsa, tun da sauran ƙarfi a jikinsa.